Katin da Bai Haye Gada Ba

Shekara huɗu ana gutsurar albashina
kowane ƙarshen wata, kamar ɓera ya samu daddawa,
ban taɓa cewa uffan ba.
Aka ba ni katin inshorar lafiya mai hotona,
na fito ciki kamar wanda aka tasa daga barci.
Na sa shi aljihun gaba, kusa da carbi,
na ce ciwo in ya tashi zuwa, ya zo.

Ran Laraba na bar Dukku,
zan je ta'aziyyar Bappa Jibir a Darazo.
Mu tara a mota, da buhun gero, da wani tsoho
mai ba da labarin da ba wanda ya roƙa.
Muka haye gadar Gongola ina ɓare gyaɗa.
Ba wanda ya nemi fasfo.
Shanun can farare ne irin namu,
sallamar ma ɗaya ce,
har ramukan titin 'yan uwan juna ne.

Bayan la'asar, an ɗaga hannu ana addu'a,
wani abu ya soke ni a kwiɓi
kamar an tura basilla, an murɗa.
Amin ɗina ta fito da wata murya daban.

A tagar asibiti na miƙa katin da hannun dama,
irin miƙawar mai gaskiya.
Rifkatu, sunan da ke manne a rigarta ke nan,
ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce, "Malam Manu, wannan na jiharku ne.
Nan Bauchi ce."
Na ce, "'Yata, cikin nan da ke murɗa
bai san ya bar Gombe ba."
Ba ta yi dariya ba. Sannu ta ce, sau biyu,
ta ɗora farce a bayan katin,
kan rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa.
Ni da na koyar da karatu shekara ashirin da shida,
ban taɓa juya shi ba.

Hula aka cire a zauren makoki,
ta zaga, ta dawo da nauyi.
Adda Dudu, tana cikin takaba,
ta kwance bakin zane, ta aiko da abin da aka ba ta na gaisuwa.
Na zo jaje,
na koma abin yi wa jaje.
Allurar ba ta yi min zafin wannan ba.

Kwana uku kafin ta fito.
Tsakuwa ce, likita ya ce, daga ƙoda.
Ya nuna min ita a kan auduga:
ƙwayar dawa ta fi ta girma.

Gidado ya kira daga Kanada, can inda yake karatu,
muryarsa na zuwa tana yankewa.
"Kawu, mu ma nan, ka bar lardinka,
akwai abin da katinka ba ya ɗauka.
Ni kafin in yi nisa, sai na sayi na tafiya."
Na ce ashe gadar nan tana da 'yan uwa
har inda ruwa ke daskarewa.

Asabar na juyo.
Da tayar gaba ta sauka a namu ɓangaren
na zaro shi, na busa masa ƙura,
na ce, "Farka, mun iso gida."
Direba ya kalle ni ta madubi.

Dubu arba'in da uku da ɗari biyar.
Ina aika wa Adda Dudu kaɗan-kaɗan,
tana mayar min da rabi, da faɗa a kai.

Tsakuwar tana cikin kwalin ashana,
aljihu ɗaya suke kwana da katin.
Ita ta bi ni har inda na je.
Shi ya tsaya bakin gada, yana jiran in dawo.